Kuɗin dako: tarihin farashin isar da murya a Damagaram, daga ayarin Tarabulus zuwa intanet

Taƙaitawa

Wannan takarda tana nazarin yadda kamfanonin intanet suke yanke farashin ajiye sauti da hoto da kuma watsa su ga jama'a, tare da ɗora tambayar bisa tarihin Damagaram. Abin da muke son nunawa shi ne mafi yawan abin da ake biya kuɗin dako ne, kuma tsadar dako tana bin abu biyu: yawan hanyoyin da ke buɗe, da nisan wurin ajiya daga mai sauraro. Wannan ƙa'ida ita ce ta ɗaukaka Zinder a ƙarni na 19, ita ce kuma ta mayar da ita gefe bayan 1911.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman sa shirin rediyo ko tafsirin azumi a intanet ya ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Ajiye sautin kusan kyauta ne, amma da zarar masu sauraro sun yi yawa sai kuɗi su hau. A gidan rediyo na gargajiya yawan masu sauraro abin alfahari ne wanda ba ya ƙara wa mai gidan ko tamma ɗaya. A intanet kuwa kowane kunne da ya ƙaru lissafi ne da ya ƙaru.

An saba barin wannan magana ga injiniyoyi. A ganinmu masanin tarihi ma yana da ta cewa, musamman a ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda duk abin da ya shigo mata ko ya fita sai ya ratsa ƙasar wani. Za mu fara da tsarin dako a zamanin sarautar Damagaram, mu duba yadda hanya ta juya a farkon mulkin mallaka, mu bi tangaraho da rediyo da kaset, sa'an nan mu zo ga yadda ake lissafin watsa sauti da hoto a yau da kuma matsayin Zinder a cikinsa. Wajen tarihin sarauta da tattalin arziki mun dogara ga ayyukan André Salifou (1971), Marion Johnson (1976) da Stephen Baier (1980).

1. Dako da masauki a zamanin sarauta

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne a farkon rabin ƙarni na 18, a ƙarƙashin inuwar Borno, wadda ake kai wa gaisuwa. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Garin ya kai ganiyar ƙarfinsa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan kimanin shekara talatin bisa gadon mulki. Shi ne ya ƙarfafa ganuwa, ya tara bindigogi, har aka riƙa ƙera igwa a cikin gari. Ƙarfin nan bai rabu da hanya ba. Zinder tana tsakanin Abzin da Kano, kuma ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamus, Gat da Agadas, a nan yake sauke kaya kafin ya ƙarasa kudu ko ya karkata gabas zuwa Kukawa. Tsarin garin kansa shaida ne: ga Birni inda fada take, ga Zango inda fatake da Buzaye da Larabawa suke sauka.

Kayan da ke zuwa daga arewa sun haɗa da yadi, takarda, sukari, duwatsun ado da makamai. Masu tafiya arewa kuwa su ne bayi, hauren giwa, jemammun fatu, da gashin jimina wanda kasuwarsa ta bunƙasa a Turai a shekarun 1870. Attajirin da ke son kayansa su ƙetare sahara ba lalle ne ya mallaki raƙuma ba. Yakan yi jinga da masu raƙuma, galibi Buzayen Kel Ewey, a biya su bisa kowane kayan raƙumi. Bayan wannan akwai ladan madugu da na jagora, da abin da ake ba masu iko da rijiyoyi da mashigai don a wuce lafiya, da gaisuwar sarakunan da aka ratsa ƙasarsu.

Abu uku ya kamata a riƙe daga wannan tsari, domin za mu sake gamuwa da su. Na farko, nauyi ake biya wa, ba daraja ba. Raƙumi bai san bambancin gashin jimina da gero ba, saboda haka sai kaya mara nauyi mai tsada ne yake iya biyan kuɗin ƙetare hamada. Na biyu, ajiya tana da sauƙi in an kwatanta da dako. Ɗakin ƙasa a Zango ba shi da tsadar tafiyar wata uku ko fiye. Na uku, mai masauki sau da yawa ba ya karɓar kuɗin kwana daga baƙonsa. Yana saukar da shi, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ribarsa kuma tana fitowa daga la'adar ciniki. Masaukin kyauta ne a ido, amma an biya shi ta wata ƙofa.

Labari da wasiƙa ma wannan hanya suke bi, da irin wannan jinkiri. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Zinder a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna fiye da wata ɗaya yana jiran guzurin da zai ci gaba da tafiya zuwa Timbuktu. A Janairu 1853 ne azurfa dubu ta iso masa daga arewa, an ɓoye ta cikin akwatunan sukari biyu don kada a gane. Labarin yana nuna cewa a lokacin Zinder tasha ce da ake iya aiko wa amana daga bakin Bahar Rum ta iso. Yana kuma nuna cewa tsoron hanya wani ɓangare ne na farashi.

2. Yadda hanya ta juya

Kyaftin Cazemajou ya gamu da ajalinsa a Zinder a watan Mayu 1898, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899, bayan yaƙin Tirmini, sojojin Faransa suka shiga garin. A 1906 aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, ba a mayar da sarautar ba sai 1923. Amma abin da ya karya cinikin sahara bai zo da bindiga ba. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma a wannan shekara Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Tun kafin haka kuɗin jirgin ruwa daga Ingila zuwa gaɓar Afirka ta Yamma yana ta raguwa, har wasu Larabawan Kano sun fara aika kayansu ta teku. Johnson da Baier duk sun nuna cewa da jirgin ƙasa ya zo, raƙumi ya kasa gasa da shi a kan doguwar hanya. Zinder, wadda take ƙofar shigowa daga arewa, sai ta wayi gari a ƙarshen wata hanya da ta taso daga kudu.

Abin mamaki, a 1911 ɗin ne Faransawa suka mai da Zinder hedikwatar yankin soja na Nijar. A 1926 suka ɗauke ta zuwa Yamai. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai ƙarancin ruwa, akwai kuma kusancin garin da Kano, wato da ƙasar Ingilishi. Daga nan Damagaram ta shiga wani hali da ba ta fita ba har yau: kasuwarta tana kudu, kimanin kilomita 240 zuwa Kano, hukumarta kuwa tana yamma, kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Gyaɗar yankin ta riƙa fita ta Kano da Legas domin nan ne kusa. A shekarun 1950 hukumar mallaka ta ƙirƙiro shirin da aka kira Opération Hirondelle, inda aka sa tallafi don karkata kayan Nijar zuwa Paraku da Kwatano. Wato hanyar da ta fi kusa da hanyar da hukuma ta fi so ba koyaushe suke zama ɗaya ba, kuma wani ne yake biyan bambancin.

3. Tangaraho, rediyo da kaset: wa ke biya?

Wayar tangaraho da aka ja a farkon mulkin mallaka ta raba saƙo da raƙumi a karo na farko, amma ba ta kawar da ƙa'idar nauyi ba. Ta dai sauya ma'auni: a gidan waya kalma ake ƙirgawa, kowace da kuɗinta, kuma na ƙasar waje ya fi na cikin gida. Shi ya sa harshen tangaraho ya zama gajere, babu gaisuwa, babu sannu da aiki, abin da bai dace da ɗabi'ar wasiƙar Bahaushe ba.

Rediyo ne ya zo da sabon lissafi. A Kano, tun 1944, an yi rediyo mai waya, inda ake ja wa mutum akwatin magana har gida yana biyan haya. A wannan tsari kowane mai sauraro yana da wayarsa da kuɗinsa. Rediyon iska ya rushe wannan. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Radio Niger a 1958, wadda ta koma Muryar Sahel a 1974. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro, wato radio-clubs, a garuruwa da ƙauyuka. Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga gidaje masu zaman kansu, irin su Anfani wadda take da tasha a Zinder, daga baya kuma rediyoyin karkara suka yawaita. A duk waɗannan, mai watsawa yana biyan na'ura da lantarki da ma'aikata. Ko mutum goma ne suka kunna ko dubu ɗari, kuɗinsa ɗaya ne. Mai sauraro kuma da ya sayi akwati da batir ya gama biya. Fiye da shekara arba'in jama'a suka saba da wannan, har aka ɗauka haka isar da murya take a ɗabi'arta.

Kaset ya bi wata hanya dabam. Waƙoƙin makaɗa irin su Mu'azu Ɗan Alalo, da wa'azin malamai, da saƙon murya na ƴan ci-rani, duk sun yi yawo cikin aljihun direbobi da fasinjoji tsakanin Zinder, Kano, Agadas da Sabha. Dakon ya hau kan tafiyar da dama za a yi ta. Da salula ta zo, wannan al'ada ta koma katin ajiya: mutum ya je rumfar mai turi a kasuwa, ya biya kaɗan, a cika masa kati da waƙoƙi da finafinai, shi kuma ya tura wa abokansa waya zuwa waya. Faifan da aka fitar a Amurka a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones daga irin waɗannan katuna aka tattaro shi. Bai kamata a ɗauki mai turi a matsayin alamar ci baya ba. Ya gano abin da manyan kamfanoni suka gano: a yi dako sau ɗaya, a ajiye kusa da mai saye, a raba sau dubu.

4. Zuwan intanet da matsalar cikakken layi

Intanet ya shigo Nijar a wajen 1997, ta tauraron ɗan'adam, a hannun kamfanin gwamnati SONITEL wanda aka kafa a shekarar. An sayar da mafi yawan hannun jarinsa a ƙarshen 2001 ga haɗin gwiwar kamfanin ZTE na Sin da wani kamfanin Libiya, gwamnati ta karɓe shi a 2012, a 2016 kuma aka haɗe shi da SahelCom aka sami Niger Télécoms. A gefe guda kamfanonin salula suka shigo: Celtel a 2001, wanda ya zama Zain sa'an nan Airtel a 2010, Telecel wanda ya zama Moov, da Orange a 2008, wanda ya sayar da harkarsa a 2019 ta koma Zamani. Ta hannun waɗannan ne yawancin ƴan ƙasa suka fara taɓa intanet.

Tun farko akwai wani rashin daidaito da ya kamata a fahimta. A tsohon tsarin tarho na ƙasa da ƙasa, ƙasashe biyu suna raba kuɗin layin da ya haɗa su, kuma wadda aka kira tana samun rabonta. A intanet ba haka ba ne. Cibiyoyin suna Amurka da Turai, saboda haka kamfanin Afirka shi ke biyan layin gaba ɗaya har can, ya kuma biya kuɗin shiga, alhali bayanai suna tafiya ta fuska biyu. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da shawara a kan wannan a shekara ta 2000, mai lamba D.50, amma shawara ce kawai, ba ta tilasta wa kowa ba. Kuɗin kuma da kuɗin waje ake biyansu, kuma intanet ya zo ne shekara uku bayan karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994.

Wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, ta sauka a Kwatano da Legas. Nijar ta sadu da ita ta wayar fiba da ta ratsa Dosso da Gaya zuwa Benin. A Yuli 2009 reshen Kwatano ya lalace, sadarwa ta tsinke a Benin, Togo, Nijar da babban ɓangaren Nijeriya. Daga 2010 sabbin wayoyi suka iso gaɓar: Main One da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, Equiano a 2022. Farashin sari a bakin teku ya faɗi ƙwarai saboda gasa. Amma faɗuwar ba ta isa cikin ƙasa da irin wannan sauri ba, domin daga teku zuwa Yamai akwai fiye da kilomita dubu da iyakar ƙasa, daga Yamai zuwa Zinder kuma akwai kusan wasu ɗari tara, kuma masu wayar tudu ba su da yawa kamar masu wayar teku.

5. Yadda ake yanke farashi

Watsa sauti kai tsaye ta intanet ya fara yaɗuwa da RealAudio a 1995, sai SHOUTcast a 1998 da Icecast a 1999, waɗanda ƙananan gidajen rediyo suka runguma, sai YouTube a 2005. A dukkansu akwai babbar kwamfuta mai ajiya, wadda ake kira sabar, kuma kowane mai sauraro ana buɗe masa nasa kwararon daga gare ta. Wato an koma tsarin rediyo mai waya na Kano. Kamfanin da ke ba da hayar sabar yana lissafi ta ɗaya daga hanyoyi huɗu, ko ya gauraya su.

Hanya ta farko ita ce kuɗin ajiya, gigabait kaza a wata. Ta biyu ita ce kuɗin fita, wato yawan gigabait da suka bar sabar zuwa ga masu sauraro. A farkon shekarun 2020, a cibiyoyin kamfanin Amazon na Amurka, ajiye gigabait ɗaya wata guda bai kai santi biyu da rabi ba, fitar da shi sau ɗaya kuwa santi tara ne. A cibiyarsa ta Cape Town, wadda aka buɗe a 2020, kuɗin fitar ya haura santi goma sha biyar. Mu ɗauki misali. Sauti mai kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 29 a awa. Tafsiri na awa ɗaya a dare talatin bai cika gigabait ɗaya ba, saboda haka ajiyarsa a wata, in an lissafa dalar Amurka a kan sefa 600, ba ta kai sefa 15 ba. Amma in mutum dubu suka saurare shi duka, gigabait 864 ne za su fita, wato fiye da jika arba'in da shida, in an bar rangwame gefe. In hoto ne mai motsi a kan megabit ɗaya a daƙiƙa, sai a ninka wannan kusan sau goma sha shida. Ɗakin Zango da raƙumin Kel Ewey ke nan a sabuwar kama.

Hanya ta uku ita ce kuɗin gurbi. Ana sayar wa ƙaramin gidan rediyo gurbin mutum ɗari ko ɗari biyar a lokaci guda, a kan kuɗi tsayayye kowane wata. In gurbi ya cika, na gaba ba zai samu shiga ba. Wannan ya fi sauƙin tsara kasafi, amma mai gidan yana biyan gurbin da babu kowa a ciki da tsakar dare.

Hanya ta huɗu ita ce ta manyan masu saye, kuma da ita kamfanonin intanet suke ciniki a tsakaninsu. A nan faɗin hanya ake saye, megabit kaza a daƙiƙa. Ana auna yawan abin da ke wucewa kowane minti biyar har wata ya cika, a jera awon daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi biyar cikin ɗari na sama, a yi lissafi da mafi girman abin da ya rage. Kashi biyar na wata mai kwana talatin awa 36 ne. Ma'anar wannan a aikace tana da ban sha'awa. Karon ƙarshe na kokawar neman takobin ƙasa, ko hawan salla a ƙofar fada, cunkoso ne na ƴan awoyi, yana faɗawa cikin abin da ake zubarwa. Tafsirin awa ɗaya a dare talatin ma, in shi kaɗai ne cunkoson watan, yana iya tsira, domin awa 30 ne. Amma in malam ya kai awa biyu kowane dare, awa 60 ke nan, sai a lissafa wa mai watsawa watan gaba ɗaya a kan farashin lokacin cunkoso. Dalilin tsarin shi ne kamfani yana gina hanyarsa ne don lokacin da kowa ya fito, ba don lokacin da take fayau ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin hanyar da ake biya da hanyar musaya. In bayanai za su ratsa wayar wani babban kamfani don su kai inda za su, ana biyansa kuɗin wucewa. In kuwa kamfanoni biyu suka haɗu a mahaɗa ɗaya, suna iya musayar bayanan abokan cinikinsu ba tare da biyan juna ba. Irin wannan mahaɗa aka kafa a Nairobi a 2000, da Legas a 2006, wadda daga baya ta buɗe reshe a Kano. Haka kuma manyan masu hoto irin su Google, Netflix da Meta suna ajiye ƙananan rumbuna a cikin gidajen kamfanonin sadarwa, domin abin da aka fi nema ya ƙetare teku sau ɗaya kawai.

Daga nan za a gane abin da ya sa galibin masu wa'azi, mawaƙa da ƙananan gidajen rediyo na ƙasar Hausa suka zaɓi Facebook da YouTube. Ba a tambayarsu kuɗin ajiya ko na fita. Tsarin mai masauki ne: ana saukar da baƙo kyauta, a ci la'ada daga talla da kuma bayanan masu kallo. Sai dai mai masaukin Zango maƙwabci ne da ake iya kai ƙararsa fada. Wannan kuwa yana iya rufe ɗaki da kayan da ke ciki ba tare da ya yi bayani ba. Kuma a kowane hali mai sauraro yana biyan nasa rabon: megabait 864 ɗin nan na tafsirin wata daga cikin kuɗin da ya sa a salularsa suke fita.

6. Matsayin Zinder

In aka haɗa waɗannan, hoton da ke fitowa shi ne: muryar da aka ɗauka a Birni, in sabar tana Turai, sai ta bi waya ta Maraɗi da Kwanni da Dosso, ta fita teku, ta kai can, sa'an nan ta dawo ta wannan hanya domin mai sauraro a Zango ko Mirya ko Magarya ya ji ta. Tana dawowa kuma sau adadin masu sauraro, in babu rumbu a kusa. Ga ɗan Damagaram da ke Tarabulus, Jidda ko Abijan wannan tsari yana da amfani, domin sabar ta fi kusa da shi. Ga na gida kuwa biyan dako ne a kan kayan da ba su da dalilin barin gari.

Hatsarin dogara ga hanya ɗaya ya sake bayyana a 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na yankin suka shiga matsala. Akwai kuma katsewar da ba ta teku ba ce: bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2021 an rufe intanet na salula a Nijar kimanin kwana goma. Sa'an nan ajiye sabar a gida yana bukatar lantarki da ba ya yankewa da kuma sanyaya ɗaki a ƙasa mai zafi. Yankin Zinder da Maraɗi ya daɗe yana samun wuta daga Nijeriya, kuma an ga sakamakon haka da aka yanke ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Abubuwa biyu suna iya sauya lissafin. Na farko shi ne aikin wayar fiba mai ƙetare sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da ba shi kuɗi a 2016. A ɓangaren Nijar ya ƙunshi layin Arlit zuwa Asamaka da iyakar Aljeriya, layin Difa zuwa Gigimi da iyakar Cadi, da layin Zinder zuwa Magarya da iyakar Nijeriya, tare da cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Wanda ya san tarihi zai lura cewa in aka haɗa Asamaka, Agadas, Zinder da Kano, an kusa maimaita layin arewa da kudu da ayari ya bi. Na biyu shi ne Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, wanda ke tsallake wayar tudu gaba ɗaya. Yana sauƙaƙa wa mai watsawa tura sautinsa waje, amma ba ya kawo rumbu kusa da mai sauraro.

Kammalawa

Mun ga cewa a tsawon kusan ƙarni biyu ma'aunin dako ya sauya daga kayan raƙumi zuwa kalmar tangaraho, zuwa gigabait da megabit, amma tambayoyin da ke yanke farashi ba su sauya ba: hanya nawa ce, a hannun wa take, kuma ina aka ajiye kaya. Zamanin rediyon iska, inda yawan masu sauraro ba ya ƙara kuɗi, shi ne ya fita dabam a wannan tarihi, kuma bai kamata a yi sakaci da shi ba, domin har yanzu shi ne hanya mafi araha ta isar da murya ɗaya ga mutane da yawa a wuri ɗaya.

Darajar Zinder a ƙarni na 19 ta zo ne daga kasancewarta wurin da ake sauke kaya a raba, ba wurin wucewa kawai ba. Sabuwar waya da ta ratsa garin ba za ta rage wa mai sauraro kuɗi ba sai in an samu mahaɗa da rumbu a nan, inda kamfanonin salula, Jami'ar André Salifou, gidajen rediyo da masu adana tarihin fada za su iya ajiye sautinsu su yi musaya. Abin da ya rage ga masu bincike shi ne tattara takardun farashi na gidan waya da na kamfanonin sadarwa, da kuma hira da masu turi da ma'aikatan rediyo na Zinder, domin a iya jera kuɗin isar da murya shekara bayan shekara kamar yadda Baier ya yi wa cinikin yankin.